Muna Ba Su Shinkafa da Atamfa, Me Kuma Ya Rage? Amsa Kan Matsayin Naƙasassu a Ikkilisiya

Tambaya: Ni dattijo ne a ikkilisiyarmu. A cikinmu akwai makaho ɗaya, da samari biyu kurame, da wata mata da shan inna ya taɓa tun tana ƙarama, da yarinya mai farfaɗiya. Duk Kirsimeti muna ba su shinkafa da atamfa, muna kuma yi musu addu'ar warkarwa a kai a kai. Yanzu muna ginin sabuwar majami'a, sai wani matashi ya miƙe a taro ya ce ba mu ɗauke su a matsayin cikakkun 'yan ikkilisiya ba. Maganar ta yi mini zafi. Me ya rage da ba mu yi ba?

Amsa: Baba Dattijo, salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na gode da kuka kawo maganar fili, ba ku tsawata wa yaron nan kun rufe zance ba. Na daɗe ina aiki tare da naƙasassu da iyalansu, ina kuma shiga ikkilisiyoyi a kan wannan batu, don haka zan faɗa muku abin da na gani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Shinkafa da atamfa alheri ne, kada ku fasa. Amma yaron yana da gaskiya.

Ga yadda za ku auna. Idan Lahadi ta zo makahon nan bai zo sujada ba, wane aiki ne zai tsaya? Wa zai ce, "Yau wa zai karanta mana, tun da wane bai zo ba?" Idan babu aikin da zai tsaya, to har yanzu baƙo ne da ake yi wa hidima, bai zama ɗan gida ba. Manzo Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 12:21-22 ido ba shi da halin ce wa hannu ba ya bukatarsa, kuma gaɓoɓin da ake gani kamar raunana, su ne ba a iya yi sai da su. Ku lura, bai ce a ji tausayinsu ba. Cewa ya yi ana bukatarsu. Tausayi yana tsayawa a bakin ƙofa ya miƙa sadaka, bukata kuwa ita ke sa a tura babur a ɗauko mutum domin sujada ba za ta cika ba sai da shi.

Mu a Arewa ma bai kamata wannan ya zame mana sabon abu ba. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da masu kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. A Garkida, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ta samo tushe, an yi irin wannan aiki, haka ma a Danja kusa da Maraɗi. Daga waɗannan wurare aka sami da yawa cikin masu bi na farko a ƙasar Hausa, wasunsu suka zama masu bishara, wasu masu ba da magani, wasu malaman karatu. Mutanen da yatsunsu suka gutsure su ne suka riƙe Littafi Mai Tsarki suka koya wa wasu. A 1953 mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, kuma daga can marigayi Bitrus Gani-Ikilama ya fito, makaho da ya zama ƙwararre a fannin gashin ƙashi da motsa jiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa cibiyar taimakon makafi a Zariya. Ayuba Gufwan, wanda shan inna ya kama tun yana yaro, ya shafe shekaru a Jos yana ƙera kekunan guragu yana rabawa kyauta ga Kirista da Musulmi, a 2024 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. Ikkilisiyar da aka gina da hannun irin waɗannan mutane, yau jikokinta sun mai da su layin karɓar shinkafa. Wannan shi ke damuna.

Bari in daɗe kaɗan a kan addu'ar warkarwa, domin a nan ne aka fi ji musu ciwo, kuma masu ji musu ciwon da kyakkyawar niyya suke yi. Ni na gaskata Allah yana warkarwa. Amma ku sa kanku a matsayin matar nan da shan inna ya taɓa. Duk sa'ad da baƙon mai wa'azi ya zo, ita ake nunawa. A fito da ita gaba, a ɗora mata hannu, a ɗaga murya, a ce ta yar da sanda ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta koma wurin zamanta idon jama'a a kanta, kowa na tambaya a ransa: rashin bangaskiya ne, ko wani zunubi ne a gidansu? Shekara ta zagayo a sake. Na san mutane da dama da suka daina zuwa sujada saboda wannan kaɗai, ba don sun bar Almasihu ba. Wata ta gaya mini ranar da ta ji an ce za a yi taron farkawa, ranar take kwana da fargaba, alhali sauran mata murna suke yi.

Almajiran Yesu sun yi irin wannan tunani. A Yahaya 9 suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Wannan amsa ta isa ta rufe bakin duk mai neman laifin uwa don ta haifi ɗa naƙasasshe, kuma a ƙasarmu kusan kullum uwar ake ɗora wa. Sa'an nan ku dubi Markus 10. Bartimawas makaho ne, kowa na gani, amma Yesu bai ɗauka ya san abin da yake so ba, sai da ya tambaye shi me yake so a yi masa. Idan Ubangiji da kansa ya tambaya, mu su wa da za mu ja mutum gaba ba tare da izininsa ba? Ku tambayi matar nan abin da take so a yi mata addu'a a kai. Mai yiwuwa kuɗin makarantar ɗanta ne, ko jarin sana'a, ko zaman lafiya da mijinta. Idan ta ce ƙafarta, ku yi da dukan zuciya. Idan ba ta ce ba, ku bar ƙafar.

Ku kuma tuna Littafi cike yake da bayin Allah da ba a warkar ba. Yakubu ya tashi daga Feniyel da sabon suna da albarka, yana ɗingishi. Musa ya ce bakinsa da nauyi, Allah bai sauya masa harshe ba, ya ba shi Haruna ya ce su tafi wurin Fir'auna. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Mefiboshet, gurgu a ƙafa biyu, Dawuda bai aika masa da abinci Lodebar, garin da yake zaune, ba, ya kawo shi Urushalima ya ci a teburin sarki kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa, ya mai da masa gonakin kakansa Saul. Babin nan, 2 Sama'ila 9, ya ƙare yana nan gurgu, yana kuma nan a teburin. Yesu ma da ya tashi daga matattu, da tabon ƙusoshi ya tashi, da su Toma ya gane shi.

Na san a taron dattawa wani zai buɗe Littafin Firistoci 21, inda aka hana zuriyar Haruna mai lahani a jiki miƙa hadaya a bagade. Ku karanta masa har aya ta 22, inda aka ce zai ci daga abinci mafi tsarki, wato ba a fitar da shi daga firistoci ba. Wannan doka ta tsarin hadayun dabbobi ce, wanda Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta nuna ya cika a kan Almasihu. Wanda zai hana gurgu hawa mumbari da ita, sai ya dawo da yankan raguna. A Littafin Firistoci dai, 19:14, aka ce kada a zagi kurma, kada a sa abin tuntuɓe a gaban makaho, a ji tsoron Allah. Sharuɗɗan dattijo da Bulus ya ba Timoti da Titus kuwa duk na hali ne da iya koyarwa da riƙon gida, babu ƙafa ko ido a ciki.

Yarinya mai farfaɗiya tana bukatar ku yi abu ɗaya da gaggawa: a koya wa ikkilisiya gaskiyar ciwon daga kan mumbari. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta taɓa mai shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu shi za su iya rabuwa da faɗuwa idan suna samun maganin da ya dace. Idan ta faɗi a cikin sujada, a kawar da benci da duk abin da zai ji mata rauni, a sa mayafi a ƙarƙashin kanta, kada a danne ta, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko mai. In jijjigar ta lafa a kwantar da ita ta gefe. In ta wuce minti 5 sai asibiti. Mata biyu su tsaya da ita su rufe mata jiki, sauran jama'a su ci gaba da sujada, domin abin da ya fi faɗuwar ciwo shi ne ta farfaɗo ta ga an kewaye ta ana ihu ana tsawata wa aljanu. Ina roƙonku da babbar murya, kada kowa ya ce mata ta bar shan magani don ta nuna bangaskiya. Barin maganin farat ɗaya na iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, kuma ana rasa rai a haka. In ikkilisiya na son taimaka mata, ta ɗauki nauyin maganinta na wata-wata.

Samarin nan kurame su ne na fi jin tsoro a kansu, domin su ne aka fi mantawa. Gurgu ana ganin wahalarsa a kan matakala. Kurma kuwa yana shigowa da ƙafarsa, ya zauna tsaf, ya miƙe in an miƙe, ya sa baiko, ya yi murmushi a bakin ƙofa, kowa ya ɗauka lafiya lau. Alhali awa uku ya yi yana kallon bakin mutane na motsi. Akwai waɗanda aka haifa a gidan Kirista, suka girma a majami'a, aka ma yi musu baftisma, amma ba wanda ya taɓa bayyana musu dalilin da ya sa Yesu ya mutu.

Miƙa musu Littafi Mai Tsarki na Hausa ba lallai ya warware matsalar ba. Wanda aka haifa kurma bai taɓa jin Hausa ba, harshensa na farko hannu ne, in kuma ya yi makarantar kurame to da Turanci aka koya masa karatu. Sai kun fara gano wace irin maganar hannu suke yi. Wadda ake koyarwa a makarantun Nijeriya ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hanyar Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, kurma kuma mai bishara, wanda ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, da wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba da buɗewa a ƙasashen Afirka har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Ban da ita akwai maganar hannu ta Hausawa, wadda kurame ke yi a Kano da sauran garuruwa tun kafin zuwan makarantu, akwai kuma 'yan alamun da iyali ke ƙirƙira a cikin gida. Na ga ikkilisiyar da ta ɗauko tafinta da kuɗinta, ya yi ta fassara, kuraman ba su fahimci komai ba domin ba irin tasu yake yi ba.

In kun sami tafintan da suke fahimta, ya tsaya a gaba kusa da mai wa'azi, haske a fuskarsa, ba taga a bayansa ba. A ba shi nassi da jigon wa'azi tun ranar Asabar. Aikin yana gajiyarwa ƙwarai, shi ya sa ƙwararru ke karɓa-karɓa bayan minti 20 zuwa 30, don haka ku tura matasa biyu ko uku su koya, ikkilisiya ta biya. Su kuraman ne za su fi koya musu. Ku buɗe aji bayan sujada, samarin nan su zama malamai, fasto da dattawa su zauna a benci su koyi gaisuwa da "Allah" da "Yesu" da "na gode". Ran da fasto ya gaishe su da hannunsa, za ku ga abin da zai faru da fuskokinsu. Kuma ku haɗa su da zumuntar kurame Kirista mafi kusa da ku, inda ake wa'azi da hannu kai tsaye. Kada ku ji kishi in sun fi son can wani lokaci, kowa na son jin Maganar Allah da harshensa.

Na makaho ya fi sauƙi. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa na sauti da ake sa wa a waya ko katin waya. In ya iya rubutun makafi, a nemo masa littattafan da ake da su ya riƙa karatun nassi a gaban jama'a. Mai jagorar waƙa ya faɗi lambar waƙa da layin farko da baki, kada ya ce "ga shi nan a allo" ya wuce. Mai gaishe shi ya faɗi sunansa, ya yi magana da shi kai tsaye, ba da ɗan jagoransa ba. Yaron da ke jansa kuma a tabbata yana zuwa makaranta, matasa su karɓi jagorar ranar Lahadi bi da bi.

Ginin da kuke yi dama ce da ba ta zuwa sau biyu, domin abin da za a yi da buhunan siminti kaɗan yanzu, in an gama gini sai an fasa. Gangaren shiga kada ya yi tsaye: duk tsayin santimita 10 yana bukatar tsawon santimita 120, wato dakali mai santimita 30 yana son gangare mai mita 3.6. A sa masa ƙarfen riƙewa, kada a shafe shi sumul ko a sa tayil mai santsi, saboda damina. A yi shi a babbar ƙofa inda kowa ke shiga. Faɗin ƙofofi ya kai santimita 90. A rufe lambatun da ke gaban majami'a. A bar gurbin keke a tsakanin bencina a wurare daban-daban, domin matar nan ta zauna cikin Zumuntar Mata ko kusa da iyalinta, kada a ware musu lungu guda. Abu biyu ake mantawa kullum. Na farko bayan gida: in ramin tsuguno ne kawai, mai rarrafe da hannu ba zai iya shiga ba, shi ya sa wasu ke ƙin shan ruwa tun daren Asabar, wasu su zauna a gida. A yi ɗaya mai faɗi, da wurin zama, da ƙarfe a bango. Na biyu mumbari da wurin mawaƙa. Majami'ar da ke da gangare a ƙofa amma matakala biyar zuwa mumbari ta riga ta faɗi inda ta yanke wa gurgu iyaka. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Abin kunya ne a ce banki ya riga gidan Allah.

Akwai kuma waɗanda ba ku lissafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 1 cikin 6 a duniya na rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. Ku kwatanta da yawan membobinku, za ku ga biyar ɗin nan kaɗan ne. Sauran suna gida: tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, wanda ya rasa ƙafa a haɗari ko a rikici, mai taɓin hankali, da yaron da ƙwaƙwalwarsa ba ta girma daidai da shekarunsa ba, wanda uwarsa ke kullewa a ɗaki domin an taɓa harararta da ya yi ƙara ana wa'azi. Zumuntar Mata sun san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ku tambaye su. A kai wa na kwance Jibin Ubangiji har gida, kuma kada fasto ya je shi kaɗai, a je da 'yan mawaƙa a yi sujada sosai.

Irin yaran nan da ƙwaƙwalwarsu ba ta girma daidai da shekarunsu ba ne ake hana baftisma shekara da shekaru don ba su iya haddace amsoshin aji ba. Kowace ɗarika da tsarinta, ba zan ce ku taka naku ba, amma ku kai maganar gaban majalisar ikkilisiya ku tambaya: haddar muke nema ko bangaskiyar? Cocin Katolika a Amurka ta fitar da ƙa'ida tun 1995 cewa a batun cin Jibin Ubangiji, ya isa mutum ya iya bambanta Jibi da abinci na yau da kullum, ko da ta alama ko natsuwarsa ya nuna, in kuma ana shakka a ba shi. Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ma tun taronta na Harare a 1998 take da ƙungiya ta musamman a kan matsayin naƙasassu a ikkilisiya, wadda naƙasassu ke jagoranta. Yaron da in an ambaci Yesu ya dafa ƙirjinsa ya yi murmushi ya ba da shaida gwargwadon abin da aka ba shi.

Maganar aure ma tana nan. Sau da yawa iyayen da suka fi kowa ba da shinkafar Kirsimeti su ne ke tada ƙura ran da ɗansu ya ce gurguwa yake so, ko kurma ya nemi 'yarsu. Shan inna ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ba a gadonsa, kuma yawancin kurame 'ya'ya masu ji suke haifa. A nan ake son dattijo irinku ya shiga tsakani ya tsaya wa yaran.

Abin da zan ce ku fara da shi a makon nan shi ne ku zauna da su biyar ɗin, da tafinta, da iyayen yarinyar, kafin magini ya ci gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A al'adarmu ma makafi da guragu suna da sarakunansu masu magana da yawunsu a fada, ba a yanke musu hukunci a bayan idonsu. Ku sa matar nan cikin kwamitin gini da cikakkiyar ƙuri'a, ta gwada gangaren da kekenta ko sandarta kafin siminti ya bushe. Ku tambayi kowannensu aikin da yake so ya riƙe, ko ƙidayar baiko ne, ko tarbar baƙi, ko koyarwa a makarantar Lahadi, ko waƙa, a kuma ba shi horon da ake ba kowa, a tsawata masa in ya yi sakaci kamar yadda ake yi wa kowa. Sa'an nan ma'aji ya buɗe layi a kasafin kuɗin shekara domin tafinta, da kuɗin abin hawa, da maganin yarinyar, a karanta shi a taron membobi tare da kuɗin rufi da na janareta. Matashin da ya tada maganar kuma ku kira shi, ku ba shi aikin tattara sunayen waɗanda ke gida.